Kwaɗo, tsaka ko ƙadangare: yadda ake zaɓar abincin macijin gata a Zariya

Da zarar ruwa ya sauka sosai a watan Yuni, kududdufan cikin birni da fadamun bakin Kubanni da Galma sai su cika da kukan kwaɗi. A lokacin ne mai kiwon maciji yake ganin kamar abinci ya zo masa har ƙofar gida kyauta. A lokacin ne kuma ake iya asarar macizan kiwo, ba don yunwa ba, sai don abin da suka haɗiya.

Macijin da muke magana a kai shi ne ɗan siririn nan mai ratsi uku daga wuya zuwa wutsiya, wanda masana ke kira Thamnophis, masu kiwo kuma suke ce masa gata. Asalinsa nahiyar Amurka ne, daga Kanada har zuwa Amurka ta Tsakiya. Yawancinsu ba sa wuce santimita 50 zuwa 90, haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kuma a dajinsu tana suke ci, da kifi, da kwaɗi, da 'ya'yan ɓeraye. Ƙadangare ba ya cikin manyan abincinsu, sai dai in ya faɗo.

Tun kafin maganar abinci, ka tabbatar abin da ke cikin akwatinka gata ne na gaskiya. A nan Afirka akwai wani maciji mai suna Elapsoidea da shi ma ake laƙaba wa wannan suna, alhali dangin gamsheƙa ne kuma yana da dafi. Shi zanensa zobe-zobe ne da suka kewaye jiki, ba ratsi a tsaye ba. Akwai kuma siraran macizan dajinmu masu ratsi da gudun tsiya, Psammophis, waɗanda su ƙadangare ne cimarsu. Idan wani ya kamo maciji a bayan Samaru ya ce maka gata ne, ba shi ba ne, domin gata ba ya rayuwa a dajin Nijeriya.

Haɗari uku ne, kuma wanda aka fi tsoro shi ne ƙarami

Kowa dafi yake fara tambaya. Gaskiya ne fatar wasu kwaɗi tana da guba, amma gata yana cikin macizan da jikinsu ya saba da wannan. A yammacin Amurka akwai masu cin wata halitta mai kama da ƙadangaren ruwa, Taricha, wadda gubarta za ta iya kashe mutum, su kuma su narkar da ita. Sai dai wannan juriya ta bambanta daga iri zuwa iri, har daga gari zuwa gari, kuma da dabbobin ƙasarsu suka gina ta. Macijin da aka haifa a akwati, aka kawo shi Zariya, bai taɓa haɗuwa da kwaɗinmu ba. Kada ka mai da shi zakaran gwajin dafi.

Na biyu maganin feshi ne. Fatar kwaɗo tana tsotsar duk abin da ke cikin ruwan da yake zaune, ita kuma tsaka tana cin ƙwarin da magani ya riga ya kama.

Na uku, wanda ya fi kashe macizai, shi ne tsutsar ciki da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Kwaɗo zai yi ƙiba, ya yi sheƙi, ya yi tsalle lafiya lau, alhali namansa cike yake da 'ya'yan tsutsa suna jiran wanda zai haɗiye shi. A daji maciji yana ɗauke da su yana yawo, kuma ba ya daɗewa a duniya. A akwati kuwa yana kwana kusa da kashinsa, wasu tsutsotsin suna sake komawa jikinsa, kaya ya yi ta taruwa har ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ra'ayinmu a fili yake: kwaɗo da ƙadangare gada ce ta tsallakar da macijin da ya ƙi cin komai zuwa kifi da ɓera, ba tuwon kullum ba.

Akwai kuma abin da Musulmi zai so ya sani tun farko. Hadisi ya zo a Sunan Abu Dawud cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Wanda wannan ya tsaya masa a rai ya tambayi malaminsa, kuma ya sani gata yana rayuwa lafiya har tsufa ba tare da ya taɓa cin kwaɗo ba.

Wurin da aka kamo ya fi irin da aka kamo muhimmanci

Lafiyayyen iri daga mugun wuri guba ne. Ka cire gonakin shinkafa da masara daga lissafi tun daga share gona har bayan feshi na ƙarshe, saboda maganin ciyawa irin su atarazin da farakwat ruwan sama yana wanke su zuwa cikin kwari, inda kwaɗi suke taruwa. Ka cire lambunan rani na tumatir da kabeji da albasa a bakin rafi, domin can ake feshin maganin ƙwari kusan kowane mako. Ka cire kwatoci da lambatun Sabon Gari da Tudun Wada, da kududdufin da ake zuba shara ko ruwan wanki, da duk inda baƙin mai na gareji yake gangarawa, da kusa da wurin jima ko rini.

Abin da ya rage shi ne ruwan sama da ya taru a kan dutse, ko ramin da ke nesa da gona da gidaje, wanda ka san tarihinsa. Ka tsaya ka duba ruwan da rana. Idan akwai ƙwarin ruwa suna iyo, mazari yana shawagi, alama ce mai kyau. Idan ka ga matattun talibambam, ko maiƙo a saman ruwa, ko ciyawar gefe ta ƙone ta yi ja a tsakiyar damina, ka wuce. Idan kuma ka ga dodon koɗi da yawa, ka san ruwan yana da tsutsa mai faɗi, domin a jikin dodon koɗi take fara girma, ta fita ta shiga talibambam, ta zauna cikinsa har ya zama kwaɗo.

Rarrabe kwaɗi

Hausa ta haɗa su duka da suna ɗaya, amma hannu da ido suna rarrabewa.

Kwaɗon tsakar gida, mai busasshiyar fata mai ƙuraje, mai gajerun ƙafafu, wanda yake zama ƙarƙashin fitila ko gindin randa, shi ne Sclerophrys. Duba bayan idanunsa, za ka ga kumburi biyu dogaye. Idan aka matsa su farin ruwa mai kama da nono yake fitowa, kuma gubar zuciya ce. Ga shi kuma a cikin gida yake kiwo, inda ake fesa fiya-fiya. Wannan a bar shi.

Duk ɗan kwaɗon da ka ga bayansa ja ne jawur ko ruwan lemo, gefensa baƙi, fatarsa sumul kamar roba, yana tafiya maimakon tsalle, Phrynomantis ne. Launin nan gargaɗi ne. Ko kai ka taɓa shi da hannu mai rauni za ka ji zafi. Haka ma mai ɗigo-ɗigon baƙi da layi a gadon baya, wanda yake gudu da ƙafa huɗu, Kassina, fatarsa tana fitar da sinadarai masu ƙarfi. Sai shimfiɗaɗɗen nan mai santsi kamar sabulu, wanda ba ya fita daga ruwa, idanunsa a saman kai, da ƙananan baƙaƙen farata a ƙafar baya, Xenopus. An gwada majinar jikinsa a kan macizan ruwa na Amurka, 'yan uwan gata na kusa, sai suka dinga wage baki ba da son ransu ba har kwaɗon ya kuɓuce. Shi ma ba abinci ba ne.

Biyu suka rage. Akwai siririn kwaɗon ciyawa mai tsinin baki, dogayen ƙafafu da layukan fata a baya, wanda tsalle ɗaya yake ɓace maka, Ptychadena. Akwai kuma ƙananan burduddugi, wanda mutane ma suke ci. Waɗannan ba su da guba mai tayar da hankali. Amma suna yawan zama cikin ruwa da bakinsa, saboda haka suna ɗaukar tsutsa. Tsira daga haɗari na farko ba tsira ba ce daga na uku.

Busasshen kwaɗo ko banda na kasuwa kada ya shiga akwati. Hayaƙi da gishiri sun isa dalili, balle wasu masu ajiye busasshen kaya suna sa maganin ƙwari.

Tsaka, ƙadangare da kulɓa

Tsaka ba ta da dafi, duk da abin da ake faɗa a gari. Jikinta laushi, girmanta daidai, ƙashinta yana ba da sinadarin kalsiyam. Matsalarta gidan da take. Tsakar ɗakin da ake feshin sauro, ko kicin da aka sa maganin kyankyaso, tarkon guba ce. Idan ka ga tsaka a ƙasa da rana tsaka tana tafiya a hankali har ka kama ta cikin sauƙi, wannan sauƙin shi ne alamar ciwo. Kyankyason da take ci kuma shi ne yake ɗauko mata wata tsutsar huhu mai suna Raillietiella. Wata 'yar uwar wannan tsutsa ta shiga jihar Fulorida ta Amurka tare da mesar Bama, kuma yanzu tana kama macizan can na asali ta hanyar kwaɗi da ƙadangarun da suke ci.

Babban ƙadangare, balle jan gwada, ya fi ƙarfin gata. Fatarsa kaushi, faratansa kaifi, yana cizo, kuma hanjinsa da wuya a same shi babu tsutsa. 'Yan ƙananan da suke fitowa da damina, masu tsawon ɗan yatsa, su kaɗai ne za su wuce maƙogwaro. Kulɓa tana da ƙananan ƙasusuwa a ƙarƙashin ɓawon fatarta, narkewarta da wuya. Hawainiya a bar ta a kan bishiyarta.

Abin da ya sa muka fi jin tsoron ƙadangare a kan kwaɗo shi ne kusancin jini. Cutar da ke zaune a hanjin mai rarrafe tana samun gida a hanjin wani mai rarrafe. Entamoeba invadens tana cinye hanji da hantar maciji, ta sa kashi mai jini da wari. Cryptosporidium tana kumbura bangon ciki har maciji ya dinga amayar da duk abin da ya ci, kuma babu maganin da yake warkar da ita gaba ɗaya. Ga Salmonella, ƙwayar cuta mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, wadda ta shafi kai da iyalinka.

Daga kamu zuwa firiza

Ka sa safar hannu ko ka rufe hannu da leda mai tsabta. Ka ɗauki kwaɗi kaɗan, biyar ko shida sun isa. Ka zuba su a bokiti mai murfi da aka huda, da ruwan rijiya ko na burtsatse wanda bai wuce santimita 1 ba, da ɗan dutse na hawa. Idan ruwan famfo ne, ya kwana biyu a buɗe tukuna. Tsaka kuma roba mai iska da ɗan tsumma mai laima. Ka ajiye a inuwa, nesa da ɗakin macijin, kwana 2 zuwa 3 ba tare da abinci ba, kana canza ruwa kullum. Wannan yana fitar da abin da ke cikinsu, kuma wanda magani ya kama zai nuna kansa. Idan ɗaya ya mutu, ko ya sandare, ko cinyoyinsa suka yi ja, ko cikinsa ya kumbura da ruwa, duk rukunin ya faɗi. Kada ka sake su a wani ruwa dabam da inda ka kamo su, domin haka ake yaɗa cututtukan kwaɗi.

Kada a ba da su da rai, kuma kada a azabtar da su. Ga ƙananan dabbobi masu sanyin jini, hanyar da ake bi ita ce firij na kimanin awa 12 har jikinsu ya mutu su daina motsi, sannan firiza. Kada a yi amfani da wani sinadari, domin zai zauna a naman.

Kowanne a ledarsa, a matse iska, a rubuta kwanan wata. Abin da masu kiwo suka saba shi ne kwana 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ko fiye. A nan ne Zariya take da nata sharaɗin. Firizar da take narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba ta yin wannan aiki, ruɓar da nama kawai take yi a hankali. Ga gwaji mai sauƙi: ka daskarar da ruwa a kofi, ka ɗora kwabo a saman ƙanƙarar, ka bar shi kusa da ledojin. Duk ranar da ka tarar kwabon ya nutse, abin da ke ciki ya narke ya sake daskarewa, sai a zubar a fara lissafi daga farko. Wanda ba shi da sola ko janareto mai riƙe firiza, gara ya haƙura da kamun daji gaba ɗaya. Ɗan akwatin ƙanƙara na saman ƙaramin firij ba ya kai wannan sanyi.

Ka san iyakar daskarewa. Tana kashe mafi yawan tsutsotsi. Ba ta kashe Salmonella, ba ta cire guba ko maganin feshi, kuma ba a dogara da ita a kan Cryptosporidium.

Wanda yake son ya rage haɗarin tsutsa tun daga tushe, ya ɗebo ƙwan kwaɗi ya rena da kansa a baho mai tsabta wanda babu dodon koɗi ko ɗaya, yana ba talibambam dafaffen alayyahu da ɗan garin abincin kifi, yana canza sulusin ruwan bayan kwana biyu. Ƙwan da ka gani a jere cikin dogon zare kamar carbi na kwaɗon tsakar gida ne, a bar shi. Talibambam ɗin burduddugi kuma suna cin junansu, sai an rage cunkoso.

Girma, yawa da lokacin bayarwa

Kaurin abinci kada ya wuce inda jikin macijin ya fi kauri. A kwaɗo, faɗin kai da ƙugu ake aunawa. A nauyi, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin macijin: mai giram 100 ya samu giram 10. Ƙaramin sikelin kicin ya wadatar. Jarirai, waɗanda ake haifa da tsawon santimita 15 zuwa 20, ana yanka musu ƙanana a ba su duk kwana 2 ko 3. Manya sau biyu a mako in kifi ne ko tana, sau ɗaya in ɓera ne.

A narkar da abincin cikin ledarsa a ruwa mai ɗumi kaɗan na minti 20 zuwa 30, a matsa cikin a ji babu sauran tauri. Abin da aka narkar ba ya komawa firiza. A miƙa da dogon hantsaki ana ɗan girgiza shi, domin gata motsi da ƙanshi yake bi. A ciyar a robar da babu yashi ko dusar katako, kuma kowane maciji shi kaɗai. Biyu in suka kama abu ɗaya, babban yana iya zarcewa ya haɗiye ƙaramin. Abin da ba a ci ba a cire shi bayan awa ɗaya ko biyu, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Narkewar abinci tana bin zafin akwati. Gata yana son digiri 24 zuwa 28, da gefe ɗaya mai kusan 30. Da hunturu, daren Disamba da Janairu yana sanyi har abinci ya tsaya a ciki ya ruɓe, sai a rage girmansa ko a sa abin ɗumama. Da bazara kuma ɗakin kwano yana wuce abin da zai iya jurewa. Macijin da ya yi amai a bar shi kwana 10 zuwa 14, sannan a fara da rabin abin da ya saba.

Kwaɗo ɗaya a matsayin turare

Amfanin kwaɗo mafi girma shi ne ƙanshinsa. Ka wanke jaririn ɓera mara gashi da ruwan ɗumi, ka tsane shi, ka goga shi a jikin daskararren kwaɗo ko yankan kifi, ka miƙa. In ya ƙi, ka yanka ɓeran ka cakuɗa da gutsattsarin kifi, kana ƙara ɓera kana rage kifi a kowane ci. Yawancinsu suna karɓa cikin 'yan makonni, kuma kwaɗo ɗaya a firiza zai yi wannan aiki wata da watanni.

Ɓeran ya zama farin ɓera na kiwo, naka ko na wurin da ake kiwon su don bincike, wanda ba a taɓa yi wa allura ko gwaji ba. Ɓeran gida da na rumbu haram ne ga akwati: ga shinkafar ɓera a cikinsa, ga zazzaɓin Lassa ga mai kamawa.

A kifi, karfasa ita ce abin dogaro. Jan kifin ado na cikin gilashi da danginsa suna da sinadarin da yake lalata bitamin B1, kuma macijin da ya daɗe a kansu sai ya fara karkata kai, ya kasa saita abinci, ya dinga birgima da farfaɗiya. Tsokar kifi zalla ba ta da ƙashi, sai an barbaɗa garin kalsiyam. Tsutsar ƙasa kuma, wato tana, a samo ta daga ƙasar da ba a fesa ba, ban da jar nan mai zobe-zobe ta cikin tarin taki wadda take fitar da ruwa rawaya mai wari.

Alamomin da ba a jira da su

Ka auna macijinka duk mako biyu ka rubuta. Wanda yake ci amma yana ramewa, tsutsa ce har sai an tabbatar ba ita ba. Buɗe baki, majina ko ƙara wajen numfashi suna nuna huhu. Wani lokaci za ka ga ƙananan baƙaƙen tsutsotsi masu faɗi a cikin bakin, kuma daga kwaɗi suke zuwa. Ƙullutu a ƙarƙashin fata, ko wutsiya ta kumbura ta fara lalacewa, shi ma aikin 'ya'yan tsutsar kwaɗo ne. Amai kwana ɗaya zuwa uku bayan ci, tare da kumburi mai tauri a tsakiyar jiki, a ware macijin nan take, da kayan aikinsa dabam.

Duk macijin da ya taɓa cin kamun daji a duba kashinsa sau biyu a shekara. A ɗebi sabo a roba mai murfi, a sa a firij ba firiza ba, a kai cikin awa 24. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana kusa, kuma duba kashi da madubin likita aikinsu ne na yau da kullum. Gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke maciji ba, domin tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai ba, sai an maimaita sau biyu ko uku. Kada ka sayi maganin tsutsar awaki a kasuwa ka ƙiyasta. Kowace irin tsutsa da maganinta, kuma a jikin dabba mai giram 80 bambancin magani da guba ɗigo ɗaya ne, likita ne zai auna ya lissafa. Bayan kowane ciyarwa ka wanke hannu da sabulu, hantsaki da robar ciyarwa kuma kada su haɗu da kwanukan gida.